Yarinyar da na sa durƙuso don ta ce "me ya sa?"

Wata safiya ce a zangon karatu na biyu, shekarar 2015, ina aji biyu na babbar sakandare ina koyar da ƙa'idojin da'ira. Babban kamfas ɗin katako na makarantarmu ya daɗe da rasa ƙafa ɗaya, don haka da zare nake zane: in danne bakinsa ɗaya da babban yatsa a jikin allo, in ɗaura alli a ɗaya bakin, in kewaya. Na zana da'irar, na sa ɗigo a tsakiya, na sa biyu a ƙasa, na ƙara na uku can sama, na haɗa su da layuka. Sai na rubuta musu ƙa'idar da Turanci yadda take a littafi, cewa kusurwar da ke tsakiyar da'ira ninki biyu ce ta wadda ke bakin da'irar, muddin a kan baka ɗaya suke tsaye. Na ce su maimaita. Suka maimaita sau uku da murya ɗaya, kamar 'yan makarantar allo da yamma.

Wata yarinya 'yar siririya da ke zama a layi na biyu kusa da taga ta ɗaga hannu.

"Malama, don Allah me ya sa sai ninki biyu? Me ya hana ta zama ninki uku?"

Ajin ya kwashe da dariya. Ni kuwa wani zafi na ji ya taso mini daga wuya har kunne. Na ce, "Au, ke kin fi waɗanda suka rubuta littafin sani ko? Fito nan ki durƙusa." Ta fito ta durƙusa a kan simintin da duk ya farfashe, hannu sama, har aka kaɗa ƙararrawa. Ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma sake ɗaga hannu a ajina ba har ta gama makarantar.

Shekara biyar na yi ban faɗa wa kowa cewa ban san amsar ba.

Ni 'yar hadda ce tun ina ƙarama. A Islamiyya ni ake tayarwa in yi tilawa in baƙi sun zo, kuma da wannan baiwar na ci lissafi tun daga firamare har kwalejin ilimi. Hujjojin ƙa'idojin nan an ba mu su, ba zan yi wa malamaina ƙarya ba. Na haddace su daren jarrabawa, na juye su a takarda da safe, kafin azahar sun bi iska. Da na fara koyarwa a 2008, a makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a kudancin jihar Katsina, abin da na iya shi na bayar: ga ƙa'ida, ga misali biyu, ga aiki goma, gobe a kawo. Yara suna cin jarrabawa daidai gwargwado, iyaye suna gaishe ni a hanya, har ana cewa Malamar lissafi ba ta wasa. Ina nan kamar mai tallar maganin da bai san haɗinsa ba, in an saya an tafi lafiya lau, in an tambaye shi me ke ciki sai faɗa.

Bita kam ana yi. Sau biyu sunana ya fito cikin shekara goma sha biyu. Kwana uku a birni, a zaunar da mu a babban ɗaki, mai jawabi ya kunna majigi, wuta ta ɗauke, a jira mai janareta, a ci shinkafa, a sa hannu a takardar alawus, a watse. Ban ce babu abin ƙaruwa ba, amma ban taɓa dawowa na canja ko da layi ɗaya a littafin tsara darasina ba. A makarantarmu kuma akwai wani ɗaki da kwamfutoci suka kai ashirin, an lulluɓe su da yadi, makullin yana hannun mutum ɗaya, ana buɗewa ranar da manya za su zo dubawa. A shekarar nan ta 2015 ne JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Yaranmu suna wuce ƙofar ɗakin nan kullum, sannan su je su zauna gaban na'urar da ba su taɓa riƙe linzaminta ba. Ni ma da nake malamarsu ban fi su ba.

Sai annobar korona ta zo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020. Ƙanena da ke karatun injiniya ya dawo gida, ga kulle ga yajin aikin malaman jami'a, ya tare a wurinmu don ɗakin zaure babu kowa. Azumi ya same mu a haka. Wani dare bayan tarawi ya ga ina kwafe tsohon littafin darasina cikin sabo, aikin da nake yi duk shekara ba tare da na ƙara wasali ba. Ya leƙa ya ga da'irar nan. Ya ce, "Yaya, kawo wayarki." Ya tura mini wata manhaja daga tasa, ya yi 'yan danne-danne, sai ga zanen nan nawa a fuskar waya, tsaf, da lambobi a jikin kusurwoyin: 80 a tsakiya, 40 a sama.

"To taɓa ɗigon saman nan ki ja shi."

Na sa yatsa na ja. Ɗigon ya bi bakin da'irar yana tafiya, layukan biyu suna miƙewa suna tsukewa, ɗaya ya yi tsawo ɗaya ya gajarce, amma lambar nan 40 ko motsi. Na kai shi dama, 40. Na dawo da shi hagu har ya kusa taɓa ɗigon ƙasa, 40. Shekara goma sha biyu ina faɗin wannan magana da bakina, ban taɓa ganinta tana faruwa ba. Can yatsana ya zarce, ɗigon ya tsallake zuwa ƙaramin bakan da ke ƙasa, sai lambar ta yi tsalle ta koma 140. Na ce masa abin ya lalace. Ya ce in tara su. Arba'in da ɗari da arba'in, 180. Na yi shiru. Wannan ai ita ce ƙa'idar kusurwoyi masu fuskantar juna a zane mai gefe huɗu da ke cikin da'ira, wadda nake koyarwa bayan mako guda a matsayin wata aba dabam, da lambarta dabam, a haddace ta dabam. Ashe uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Ranar ban kwanta ba har sahur. Miyar da na ɗora in ɗumama ta kama, maigida ya ci tuwonsa da ƙauri bai ce komai ba.

Manhajar ita ce GeoGebra. Daga baya na karanta cewa wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Ostiriya, Markus Hohenwarter, ya fara ƙirƙirarta wajen 2001 a matsayin aikin digirinsa na biyu a jami'ar Salzburg. Kyauta ce, kuma in ka sauke ta ba ta buƙatar data. Wannan na biyun shi ya fi mini komai, don mu nan abin da ke cin data kullum ba abokin tafiya ba ne. Kwana biyu bayan haka ƙanena ya nuna mini zanen y = ax² + bx + c da wani ɗan maɓalli da ake ja don canja lambar da harafin a ke wakilta. In a tana sama da sifili zanen ƙwarya ce a buɗe, kana rage ta bakin ƙwaryar yana faɗi, da ta kai sifili sai ya miƙe ya zama layi, da ta gangara ƙasa sai ƙwaryar ta kife. A aji, zane ɗaya tak muke samu mu gama cikin minti arba'in, daga cika jadawali zuwa ɗiga ɗigo a takardar giraf. Nan cikin minti ɗaya na ga ɗari.

Shi ne dai ya nemo mini kwas na malaman lissafi a intanet, irin waɗanda jami'o'in waje ke sakawa a shafuka kamar Coursera da FutureLearn. Karatun kyauta, takardar shaida ce sai an biya da dala, ni kuwa ko katin bankina ba ya wucewa, sai na ce a kai kasuwa. Na sayi datar dare, mai arha, wadda ke fara aiki ƙarfe goma sha biyu. Turancin masu jawabin ya ba ni wuya da farko, suna magana kamar ana korarsu. Sai na koyi rage saurin bidiyo, na kunna rubutun da ke bin magana a ƙasa, ina tsayarwa ina duba ƙamus. A nan na gano akwai wata kalma guda a cikin ƙa'idar da'irar nan da na sa ɗaruruwan yara suka rera, ni kaina ban taɓa duba ma'anarta ba.

Maigida ya yi haƙuri mako biyu. Wani dare ya farka ya ga hasken waya a fuskata, ga abin ji a kunne, ina murmushi ni kaɗai. Ya ce, "Wai ni Malama, da wa ake hira da tsakar daren nan?" Na cire abin jin na saka masa. Ya saurari wata tsohuwar Baturiya tana bayanin yadda yara ke ruɗewa da kashi uku bisa huɗu, ya yi minti ɗaya, ya miƙo mini ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya juya. Washegari shi ya sayo mini batirin ajiye caji.

Bidiyoyin sun amfane ni, amma abin da ya canja ni mutane ne. Wasu daga cikin 'yan Afirka da ke kwas ɗin suka buɗe zaure a WhatsApp, mu kusan talatin, daga Kenya, Yuganda, Gana, Afirka ta Kudu da mu 'yan Najeriya. Ni da zumuɗina na ɗauki hoton da'irata na saka, na rubuta cewa yau na tabbatar da ƙa'idar da idona, gani ya kori ji. Aka yi ta turo mini alamar tafi. Can sai ga saƙon murya daga wani dattijon malami a Kumasi. Da na buɗe sai na ji Hausa. Ashe ɗan zango ne, ya ga sunana ya gane. Hausarsa irin tasu ta can, yana ce mini "ka" kamar namiji. Ya ce, "Malama, ka gani, amma ba ka tabbatar ba. Ka gwada wuri ɗari, saura wuri dubu. Kuma waya ta nuna maka haka ne, ba ta gaya maka don me ba. In yaro ya ce don me, me za ka ce?"

Wallahi kamar yana tsaye bakin taga ranar nan ta 2015.

Ya ƙi ba ni amsar. Cewa ya yi in ja layi ɗaya daga ɗigon sama ya ratsa ta tsakiya ya wuce, in zauna in kalli abin da ya fito. Na yi kwana biyu ina kallo, har a bayan kwalin ashana na zana. Ranar ta uku ina tankaɗe sai abin ya faɗo mini. Layin ya raba zanen gida biyu, alwatika a hagu, alwatika a dama. Kowace cikinsu tana da ƙafa biyu da suka tashi daga tsakiya zuwa bakin da'ira, kuma duk abin da ya tashi daga tsakiya zuwa baki tsawonsa ɗaya, tun da zare ɗaya ne ya kewaya. Alwatika mai ƙafa biyu daidai kuwa, kusurwoyinta biyu na gindi daidai suke. Kusurwar da ta buɗe ta waje, a wajen tsakiya, jimlar waɗannan biyun ce, wato guda ɗaya sau biyu. Haka a hagu, haka a dama, in ka haɗa sai ta tsakiya gaba ɗaya ta zama ninki biyu ta sama. Biyun da yarinyar nan ke tambaya daga tagwayen kusurwoyin nan ta fito. Babu ta uku da za ta sa a samu ninki uku. Na ajiye rariya, hannuna duk gari, na zauna a kan turmi na yi kuka. Amsar ba ta kai minti biyar ba. A kan abin da bai kai minti biyar ba na durƙusar da 'yar mutane rabin awa.

A watan Agusta aka buɗe wa 'yan ajin ƙarshe don su zana WAEC, sauran suka biyo baya. A zauren namu aka yi shawara kowa ya naɗi darasinsa ɗaya ya turo a saurara. Ni ban ɗauki bidiyo ba, 'ya'yan mutane ne kuma 'yan mata, sai na nemi izinin shugabar makaranta na ajiye waya a kan tebur ta ɗauki murya kawai. Da na dawo gida na saurara, kunya ta kama ni kamar in nutse. Wata malama 'yar Kenya ta zauna da agogo ta ƙirga mini: cikin minti arba'in, ni na yi magana talatin da huɗu. Na yi tambaya goma sha tara, na amsa sha ɗaya da bakina, sauran kuma irin "ko ba haka ba?" ne, ajin ya ce "haka ne, Malama." Ita ta ba ni labarin wata mai bincike Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, da ta auna tun shekarun 1970 ta gano yawancin malamai ba sa jira fiye da kamar sakan ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma in suka daure suka kai sakan uku, amsoshin yara sukan yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma sukan fara.

Sakan uku a baki ba komai ba ne. A gaban yara tamanin da shida da suka zuba maka ido, ya fi zaman jiran mota a tasha tsawo. Dabarar da na samu ita ce in na yi tambaya sai in yi tasbihi biyar a zuci kafin in sake buɗe baki. Makon farko yaran sun ɗauka fushi nake. Wata ma ta zo bayan an tashi ta ce, "Malama, in mun yi laifi ne ki yi haƙuri."

Kai wayar aji kuwa, nan na yi tuntuɓe. Waya ɗaya, yara tamanin da shida. Na raba su goma-goma suna zuwa tebur suna jan ɗigo, sauran suna hayaniya, darasi ya ƙare rabin aji bai gani ba. Wanda ya fi wannan damuna shi ne abin da ya biyo baya. Na tambaye su don me kusurwar ba ta canjawa, sai wata ta ce, "Ai waya ta nuna." Ajin ya gyaɗa kai. Da littafi ya ce, yanzu waya ta ce. Na sauya musu liman ne kawai, bin dai shi ne bin.

Na kai kukana zaure. Wani malami daga wani ƙauye a Yuganda, wanda ya ce makarantarsu ko wutar lantarki babu, ya turo hoton abin da yake yi, na ɗauka na gyara shi daidai da namu. Na roƙi Baba maigadi turke da igiyar da yake ɗaure tunkiyarsa. Muka fita fili, aka kafa turken, yarinya ɗaya ta ja igiya ta kewaya tana jan layi a ƙasa da tsinke, da'ira ta fito wadda mutum ashirin za su tsaya a bakinta. Biyu suka tsaya a matsayin ɗigon ƙasa, kowace riƙe da bakin zare. Ta uku ta tsuguna can sama ta haɗa zaren biyu a ƙasa, muka yanka kwalin taliya daidai buɗewar kusurwar. Sai na ce ta tashi ta koma wani wurin a bakin da'irar, a sake miƙe zaren, a gwada kwalin. Kafin a gwada na ce kowa ta faɗi abin da take zato. Fiye da rabi suka ce ba zai shiga ba, don wurin ya fi kusa. Kwali ya zauna daram. Aka canja wuri, ya zauna. Sai ihu. Daga nan na ce a yanka wani kwalin irinsa sak, a kai su biyun gindin turke. Suka cike kusurwar tsakiya ba ragi ba ƙari.

Ina tsaye ina tasbihina, sai wata daga baya ta ce, "To Malama, me ya sa?"

Na ce, "Madalla da wannan tambaya. Ɗauko igiyar nan ki ja ta daga inda take tsugune, ta bi ta kan turke."

Shugabar makaranta ta hango mu daga ofis ta aiko a kira ni. Ta ce, "Malama, lissafi ake ko wasan gaɗa?" Na ce, "Ranki ya daɗe, ki ba ni mako biyu, sannan ki shiga ajin ki tambaye su da kanki." Ta ba ni, ta kuma shiga. Ba ta ce na yi daidai ba, amma da zango ya zagayo ta sa aka ba ni makullin ɗakin kwamfutocin nan ranar Laraba. Cikin ashirin, bakwai suka tashi.

Wani aikin da aka ba mu a zauren shi ne kowa ya nemo lissafin da ke cikin gidansu. Ni na tafi wurin surukina, wanda ake kira rabon gado a unguwa. Ya ce in matar mamaci tana da sumuni, uwarsa tana da sudusi, to daga ashirin da huɗu ake kafa mas'alar, matar ta ɗauki uku, uwar ta ɗauki huɗu. Na ce, "Baba, don me ashirin da huɗu?" Ya dube ni ya ce, "Wace lamba ce ƙasa da ita takwas za ta raba, shida ma ta raba?" Abin da nake fama da 'yan aji ɗaya a kansa ke nan duk shekara da sunansa na Turanci, alhali rabinsu sun ji rubu'i da sulusi da sudusi a Islamiyya. Tun daga lokacin da Hausa nake buɗe darasi, in abin ya zauna sannan in ɗora masa sunan da za su gani a takardar jarrabawa.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, sannan aka haɗa da ƙananan hukumomi goma sha uku na jihar Katsina, har da tamu. Ba kira, ba saƙo, ba intanet, har wajen ƙarshen shekara. Mai son ya yi waya sai ya shiga mota. Zaure ya ɓace mini ɗif. Ƙanena, da ya koma makaranta, shi yake sauke mini bidiyoyin Khan Academy da saƙonnin zauren a ɗan katin waya, ya naɗe shi a takarda ya ba direban da ke zuwa garinmu ranar kasuwa. In ya iso sai in tura wa sauran malamai ta Xender. A haka muka fara zama ranar Asabar a gindin bedin makarantarmu, mu shida daga makarantu huɗu, kowa ya zo da darasin da ya fi ba shi tsoro. Wani malami da ya girme ni da shekara goma ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce shi fa bai taɓa gane dalilin da ya sa ɗebewa sau ɗebewa ke ba da tarawa ba. Babu wanda ya yi dariya. Da layin ya dawo ba mu fasa zaman ba, har yau muna yi, mun kai goma sha huɗu.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka duk abin da aka kira horo a intanet alheri ne. Na taɓa biyan kuɗin cefanen mako guda ga wasu da suka yi tallar bita ta Zoom, aka yi awa biyu ana karanta mana abin da ke rubuce a allo, aka turo takardar shaida mai zanen zinariya, ko sunana ba a rubuta daidai ba. Na san malamai masu irin waɗannan takardu cike da jaka, ajinsu kuwa yana nan yadda yake tun ranar da aka ɗauke su aiki. Ni yanzu ma'aunina ɗaya ne: in kwas bai sa na koma aji na gwada wani abu na dawo na faɗi yadda ta kaya ba, ba na ƙarasa shi. Ga tsadar data, musamman tun ƙarin kuɗin da aka yi a farkon 2025, kuma daga albashina take fita, babu mai mayar mini.

Yaran ma sun samu nasu. Akwai Photomath da ake haska wa tambaya ta warware ta layi-layi, ga ChatGPT da ire-irensa a wayoyin yayyensu. Na gane ne ranar da yara tara suka kawo mini aikin gida da wata hanya da ban koyar ba, iri ɗaya har waƙafi. Ban yi duka ba, na daina wannan. Yanzu nakan ba su lissafin da na riga na warware da kuskure ɗaya a ɓoye, in ce su nemo shi, gobe kuma kowa na iya tashi ta yi wa aji bayani da bakinta. Wadda ta kwafa takan tsaya tana kallon silin.

Sakamakon jarrabawa ya ɗan gyaru, ba zan ce ya yi tashin gwauron zabo ba. Har yanzu akwai masu zuwa aji ɗaya ba su iya sau bakwai ba, akwai waɗanda ake cirewa a yi musu aure ana saura zango ɗaya, kuma kusan duk shekara masu duba makarantu sai sun rubuta cewa ina baya a manhajar karatu, don abin da nake gamawa a darasi ɗaya da, yanzu yakan ci uku. Wannan gaskiya ne, ban kuma samo maganinsa ba.

Bara aka yi suna a unguwarmu. Ina zaune a tsakar gida cikin mata sai wata ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, da goyo a bayanta, ta yi ƙiba har ban gane ta ba sai da ta yi murmushi. Ita ce. Ta ce ta yi makarantar koyon aikin jinya, tana aiki a wani asibitin karkara. Na riƙe hannunta na ja ta gefe wajen murhu, na ce, "Kin tuna wata tambaya da kika yi mini a kan da'ira?"

Ta yi ɗan tunani. "Wallahi Malama tambayar na manta. Durƙuson dai ban manta ba."

Na ce, "Ban san amsar ba ne ranar. Ke kika yi daidai. Ki yafe mini don Allah."

Ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce, "Haba Malama, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na zaro gawayi daga bakin murhu, na share ƙasa da tafin hannu, na kifa murfin tukunya na zagaye shi. Masu rabon waina suna tsallake mu, wata tana cewa Malama ko a gidan suna ba ta hutawa. Na ja layin nan ta tsakiya na ce ta duba. Ta gyara goyonta ta tsuguna, ta daɗe tana kallo, yaron yana jan ɗankwalinta. Can ta sa yatsa a kan ƙafafun alwatikar hagu ta ce, "Wannan da wannan ai tsawonsu ɗaya ko?"

Na yi shiru, na fara tasbihina.